Idon rundunar ruwa: me jiragen sama masu sauka a kan ruwa suka tsinana a farkon zamaninsu?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa sojojin ruwa suka fara da jirgin sama mai tashi da sauka a kan ruwa maimakon mai taya irin wanda kowa ya sani, kuma ko waɗannan jirage sun yi aikin a zo a gani wajen leƙen asiri, ko kuwa ƙawa ce kawai. Sun yi aiki, amma ba a inda manyan hafsoshi suka sa rai ba. In dai jirgin ya hau sama, yana gani. Abin da ya riƙa kayar da shi abu biyu ne: rabuwa da ruwa a daidai lokacin da ake bukata, da kuma isar da labari ga mai ba da umarni kafin labarin ya yi sanyi.

Ka fara duba halin da kwamandan jirgin yaƙi yake ciki kafin 1910. Duniya a dunƙule take, saboda haka teku yana lanƙwashewa ya ɓoye abin da ke nesa. Mai gadin da ya hau can ƙololuwar jirgi, kamar mita 30 sama da ruwa, iyakar ganinsa kusan kilomita 20 ce, shi ma in gari ya yi garau. A daidai wannan lokaci manyan igwogin da ake ɗora wa jirage sun kusa kai harsashi wannan nisa. Hannu ya kamo ido ke nan. Dabarar da aka saba da ita ita ce a baza ƙananan jiragen yaƙi masu gudu a gaba su yi ta sintiri, amma kowanne cikinsu ido ɗaya ne a ƙasa-ƙasa, ga tsada, ga cin gawayi. Mutumin da ya tashi sama mita 1,000 kuwa, bakin teku yana ja masa baya har fiye da kilomita 100. Yana iya leƙa bayan tsauni, ya ƙirga jiragen da ke kwance a tashar abokan gaba, ya kuma ga inda harsashin igwa ya faɗa ya ce a ƙara gaba ko a rage. Duk hafsan da ya fahimci wannan lissafi, ransa ya biya.

To, me ya hana su ɗaukar jirgi mai taya? An gwada. A watan Nuwamba 1910 wani matuƙi Ba'amurke, Eugene Ely, ya tashi daga dandamalin katako da aka kafa a goshin jirgin yaƙi Birmingham, sannan a Janairu 1911 ya sauka a kan jirgin Pennsylvania. Bajinta ce, amma jiragen biyu a tsaye suke cikin tasha, kuma dandamalin ya rufe wurin igwa. Babu hafsan da zai yarda a toshe masa bakin bindiga saboda abin da bai tabbatar da amfaninsa ba. Ga kuma injunan lokacin da ba su da amana: injin ya mutu a tsakiyar teku, mai taya ya nutse da matuƙinsa. Mai sauka a kan ruwa kuwa, teku duka filinsa ne. Ba sai an share ƙasa ba, ba sai an gina komai ba. Abin da ake nema daga jirgin ruwa kawai ƙugiya ce da za ta sauke shi ta kuma ɗauke shi.

Wanda ya fara tashi daga kan ruwa da ƙarfin inji Bafaranshe ne, Henri Fabre, ranar 28 ga Maris 1910, a wani tafki kusa da Marsay, kuma bai taɓa tuƙa jirgin sama ba kafin ranar. Amma wanda ya mayar da abin sana'a shi ne Glenn Curtiss na Amurka. A Janairu 1911 ya tashi daga ruwan San Diego, a Fabrairu kuma ya sauka kusa da jirgin Pennsylvania, aka ɗaga shi da ƙugiya zuwa cikin jirgin, daga baya aka mayar da shi ruwa ya tashi ya tafi. Wannan ziyara ta ɗan lokaci ita ta nuna tsarin da kowa ya bi. Faransa ta gyara jirginta Foudre ya zama mai dakon irin waɗannan jiragen sama, Birtaniya ta yi haka da Hermes a 1913, kamfanin Short kuma ya fito da fukafukai masu naɗewa baya don jirgin ya shiga rumfa a cikin jirgin ruwa.

Iri biyu ne. Akwai wanda jikinsa na jirgin sama ne sak, sai dai an cire taya an ɗaura masa kwalekwale biyu rufaffu a ƙafa, ko ɗaya babba a tsakiya. Akwai kuma wanda cikinsa gaba ɗaya kwalekwale ne, aka dasa masa fukafukai da inji a sama. Na farkon ya fi sauƙin ɗauka a jirgin ruwa, na biyun ya fi jure igiyar ruwa kuma yana iya girma ya yi doguwar tafiya. Dukansu katako ne da yadi da waya da gam.

Ina so ka tsaya a kan maganar rabuwa da ruwa, domin nan ne tushen wahalar. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800. Kwalekwalen da ke gudu a kansa, ruwan yana manne masa a ciki yana janyo shi ƙasa, kamar yadda faranti ke kama jiƙaƙƙen tebur in ka zo ɗagawa. Maganin da aka samo shi ne a yi wa ƙasan kwalekwalen wata gaɓa kamar matakala, yadda in gudu ya kai, iska za ta shiga ta raba bayan da ruwa, jirgin ya hau saman ruwa yana sulɓi har ya tashi. Duk da haka sai yanayi ya yarda. In teku ya kwanta lum kamar madubi, jirgin zai yi ta gudu ya ƙi tashi, har matuƙa kan zagaya su tayar da 'yar igiya da kansu, ko a sa ƙaramin jirgi mai inji ya gitta gabansu. In kuma teku ya yi fushi, igiya ta fasa kwalekwalen ko ta karya farfela. Tsakanin kwanciya da fushi akwai 'yar ƙofa ƙarama, kuma yaƙi ba ya jiran ta buɗe.

Aikin yaƙi na farko ya zo da wuri. A Fabrairu 1913, lokacin yaƙin Balkan, wasu Girkawa biyu, Moutoussis da Moraitinis, suka tashi da jirgi ƙirar Farman suka leƙa rundunar ruwan Daular Usmaniyya ta Turkiyya a mashigin Dardanel, suka zana inda kowane jirgi yake, suka jefa bama-bamai huɗu. A hanyar dawowa injin ya mutu, suka sauka a ruwa, jirgin yaƙinsu ya zo ya ja su. Da mai taya ne, da su da labarin duk sun tafi. Amurkawa sun yi amfani da jiragen Curtiss a Verakurus ta Meziko a 1914 suna neman nakiyoyi, Japan kuma a Satumbar shekarar ta kai jirginta Wakamiya da jiragen Farman huɗu gaban Tsingtao, sansanin Jamus a gaɓar Sin, suna leƙe suna jefa bam har garin ya miƙa wuya a Nuwamba.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kankama a Tekun Arewa, tsakanin Birtaniya da Jamus, sai aibin ya fito fili. Kafin jirgin sama ɗaya ya tashi, dole uwar ɗakinsa, wato jirgin ruwan da ke dakonsa, ta tsaya cik a tsakiyar teku. A turo shi daga rumfa, a ware fukafukai a ɗaure, a tayar da inji ya yi ɗumi, ƙugiya ta ɗaga shi ta ajiye a ruwa ba tare da ya bugi jikin jirgi ba. In ya dawo a sake tsayawa. Tsayawa kuwa a wannan teku neman mutuwa ne. A ranar 22 ga Satumba 1914 jirgin ƙarƙashin ruwa ɗaya na Jamus, U-9, ya nutsar da jiragen yaƙin Birtaniya uku cikin kamar awa guda, biyu daga ciki sun tsaya ne don ceton mutanen na farko, kuma mutum fiye da 1,400 suka halaka. Bayan wannan, wane kwamanda zai so tsayawa? Sauran runduna kuma ba ta jira, tana tafiya, mai dakon ya koma baya yana bin sawu.

Ranar Kirsimeti ta 1914 Birtaniya ta kai jiragen dako uku, Engadine da Riviera da Empress, waɗanda asalinsu jiragen fasinja ne na tsallaka mashigin Ingila, don kai hari rumfunan Zeppelin, manyan jiragen balan-balan na Jamus, kusa da Kukshafen. An sauke jirage tara a ruwa, bakwai suka tashi. Hazo ya rufe rumfunan. Uku kaɗai suka koma wurin iyayen ɗakinsu, sauran mai ya ƙare musu ko inji ya ba su matsala, jirgin ƙarƙashin ruwa na Birtaniya ya kwashi wasu matuƙan, jirgin masunta na Holan ya tsinci ɗaya. Ba a rasa rai ba, kuma sun dawo da bayanin jiragen Jamus da suka gani a tasha.

A Dardanel a 1915 abin ya fi ciwo. Jirgin Ark Royal na Birtaniya ya iso a Fabrairu da jiragen sama don su nuna wa manyan igwogi inda za su buga ganuwar Turkawa. Sau da yawa ba sa iya tashi, in sun tashi ba sa hawa sama sosai, harsashin bindigar hannu ma yana kamo su. Cikin dare a farkon Maris, ƙaramin jirgin Turkawa Nusret ya shimfiɗa layin nakiyoyi 26 a wani lungu da jiragen Birtaniya da Faransa suka saba juyawa, kuma ya jera su ne bin gaɓa, ba a gicciye ba kamar sauran. Masu shara ba su gano layin ba, masu leƙe daga sama ma ba su gan shi ba. Ranar 18 ga Maris Bouvet na Faransa da Irresistible da Ocean na Birtaniya suka nutse, Bouvet da mutum fiye da 600 cikin 'yan mintoci. Ba na ɗora laifin a kan matuƙan. An ɗauka cewa daga sama ana ganin duk abin da ke cikin ruwa, alhali sai ruwa ya yi tsabta, rana ta tsaya daidai, iska ta kwanta. Haɗari mafi girma a aikin leƙen asiri shi ne mai leƙe ya ce bai ga komai ba, mai ji ya fassara da cewa babu komai.

Yanzu ga labarin da nake ganin ya fi kowanne amsa tambayarka. Ranar 31 ga Mayu 1916 rundunonin Birtaniya da Jamus suka haɗu a yaƙin Jutlan, jiragen ruwa kusan 250, karo mafi girma a teku cikin yaƙin duka. Wannan ita ce ranar da aka ƙera waɗannan jiragen sama dominta. Jirgin sama nawa ya tashi? Ɗaya. Babban mai dako, Campania, bai samu saƙon tashi daga tasha a kan lokaci ba, ya fito a makare, aka ce ya koma don kada a harbe shi shi kaɗai. Saura Engadine, wanda ke tare da rundunar Admiral Beatty. Da aka hango hayaƙi, Beatty ya ce a tayar da jirgi. Wajen ƙarfe 3 na rana matuƙi Frederick Rutland da mai leƙensa Trewin suka tashi da jirgi ƙirar Short 184. Gajimare ya sauko ƙasa, dole suka yi tafiya ƙasa da mita 300, dole kuma suka matsa kusa ƙwarai kafin su bambanta jirgin wa da wa. Suka ga ƙananan jiragen yaƙin Jamus, aka buɗe musu wuta, Trewin yana ƙirga yana buga saƙo da wayar iska. Har ma sun ga lokacin da Jamusawan suka juya suka nufi kudu, wanda labari ne mai tsada, domin juyawar nan ita ce ta jan Beatty zuwa bakin babbar rundunar Jamus.

Saƙon ya isa Engadine sarai. Daga nan ya maƙale. Engadine ya yi ta ƙoƙarin miƙa shi da hasken fitila ga jirgin Beatty da wasu manyan jirage, ba wanda ya karɓa, kowa ya duƙufa ga shirin harbi yana gudu. Ana cikin haka bututun man jirgin Rutland ya tsinke, ya sauka a ruwa, ya gyara da kansa, ya ce a shirye yake ya sake tashi, aka ce ya dawo a ɗauke shi. Tafiyar duka ba ta kai awa ɗaya ba. Mutum biyu sun yi duk abin da aka aike su yi, a ƙarƙashin wuta, kuma babu kalma ɗaya tasu da ta shiga kunnen wanda ya aike su. Birtaniya ta rasa mutum fiye da 6,000 a wannan yaƙi, Jamus kimanin 2,500, kuma cikin daren babban kwamandan Birtaniya, Jellicoe, ya kasa tabbatar da inda abokin gabansa ya bi har ya sulale gida. Babban alherin da Engadine ya yi ranar ba na sama ba ne: ya ja jirgin Warrior da aka ragargaza, ya kwashe mutanensa kafin ya nutse. Ragowar gaban jirgin Rutland yana nan a gidan tarihin sojan sama na rundunar ruwa a Yeovilton.

Maganar saƙo ta cancanci a ɗan ƙara. Na'urar wayar iska ta lokacin nauyi gare ta, kowane kilo nata kuma ana cire shi ne daga mai ko daga tsayin da jirgi zai hau. Yawanci aikawa kawai take yi, mai leƙe ba ya jin amsa, bai ma san ko an ji shi ba. Yana zaune a buɗaɗɗen wuri, iska na dukansa, sanyi ya kama yatsu, taswira a cinya, yana buga saƙo da alamun ɗigo da ja. Kuma shi kansa bai tabbatar da inda yake ba, domin a teku babu dutse babu bishiya, sai kamfas da agogo da ƙiyasin iska. In ya yi kuskuren kilomita 15 a wurin da yake, ya yi kuskuren kilomita 15 a wurin da ya ce abokan gaba suke. Shi ya sa suke tafiya da tattabaru a kwando. In jirgi ya faɗa ruwa waya ta mutu, tattabara ce ke kai takarda gida, kuma ta ceci rayuka da dama.

Mu zo Afirka, inda wata matsalar ta daban ta bayyana. Jirgin yaƙin Jamus Königsberg ya nutsar da Pegasus na Birtaniya a Zanzibar ranar 20 ga Satumba 1914, sannan ya shige bakin kogin Rufiji, a Tanzaniya ta yau, don gyaran inji. Bakin kogin nan rassa ne barkatai, da laka, da kurmin itatuwa masu saiwa cikin ruwa. Manyan jiragen Birtaniya ba sa iya shiga saboda ruwan ba zurfi, daga teku kuma ba a ganin komai sai kore. Jamusawa sun lulluɓe jirgin da rassan itace, suna ƙara matsawa ciki. Jirgi ɗaya ya ɗaure jirage da yawa suna gadi wata da watanni, domin in ya fito, hanyar ciniki ta Tekun Indiya ta shiga uku.

Babu jirgin saman soja a kusa. Sai aka samo wani farar hula, Dennis Cutler, wanda ke wasan nuna tashi a Durban da tsohon jirgin Curtiss, aka ba shi muƙamin soja aka kawo shi. Tashinsa na farko a Nuwamba ya ɓata cikin gajimare, ya sauka a wani tsibiri, lagireton injin ya lalace, sai da aka ciro na mota Ford daga Mombasa aka ɗaura masa. A tashi na gaba ya gano Königsberg can cikin kogi, nesa da inda ake zato, har wasu hafsoshi suka ƙi yarda sai da aka sake tashi da mai leƙe ya tabbatar. A Disamba injin ya mutu masa a bakin kogin, Jamusawa suka kama shi.

A Fabrairu 1915 aka kawo jirage biyu ƙirar Sopwith ƙarƙashin John Cull. A Ingila lafiyarsu ƙalau. A Rufiji suka ƙi tashi da kaya. Iska mai zafi sakayau take, fiffike ba ya samun abin takawa sosai, inji ma ba ya samun isasshen numfashi, ruwan sanyaya shi yana tafasa tun yana gudu a kan ruwa. Gam ɗin da ya riƙe katakon kwalekwale ya saki, farfela ta kanannaɗe. Sai an sauke bam, an sauke mai leƙe, an rage mai, kafin jirgi ya ɗaga. A Afrilu aka kawo tsofaffin jiragen Short, da ƙyar suke hawa, amma da su Cull ya ɗauko hoton Königsberg a maɓoyarsa. Gani ya kori ji. Daga nan aka san inda za a buga.

Abin lura shi ne yadda aka ƙarasa. An jawo jirage biyu marasa zurfin ciki masu ɗauke da igwa, Severn da Mersey, tun daga Malta. An kuma share fili a tsibirin Mafiya da ke kusa, aka kawo jiragen sama masu taya. Su ne suka yi aikin nuna wa igwa hanya, domin ba su da nauyin kwalekwale, suna hawa sama su daɗe. Ranar 6 ga Yuli an harba harsashi fiye da 600, kaɗan ne suka samu, saboda mai leƙe ya kasa bambanta harsashin wannan jirgi da na wancan. Ranar 11 ga Yuli aka gyara tsari. An harbi jirgin Cull, injin ya mutu, yana gangarowa zuwa kogi, mai leƙensa Arnold bai daina buga gyara ba har suka faɗa ruwa aka tsamo su. Königsberg ya kama da wuta, mutanensa suka ƙarasa shi da kansu. Sun kwance igwoginsa goma suka ja su cikin daji, suka ci gaba da yaƙi da su a ƙasa. Rundunar sojan Najeriya da aka kai Gabashin Afirka a ƙarshen 1916, wadda Hausa ce harshen umarni a cikinta, a wannan kwarin na Rufiji ta sha damina da yunwa a farkon 1917, tana fuskantar sojojin da suka ja waɗannan igwogi.

To ina suka yi rawar gani? A wurin da ruwa ke da kariya, babu filin sauka a ƙasa, kuma labari ba na gaggawar minti ba ne. A Janairu 1915 jiragen Nieuport na Faransa, matuƙa Faransawa masu leƙe Ingilishi, suna tashi daga jiragen dakon kaya biyu da aka ƙwace daga Jamus, suka riƙa shiga can cikin hamadar Sinai suna bin sawun rundunar Turkawa da ke nufo mashigin Suwez. Ka yi tunanin tuƙa jirgi mai ƙafar kwalekwale a kan rairayi, inda in inji ya mutu babu wurin sauka. Da harin ya zo a farkon Fabrairu, masu tsaro sun riga sun san yana tafe. A Yuni 1916 jirgin dako na Birtaniya Ben-my-Chree ya tsaya gaban Jidda a Bahar Maliya, jiragensa suka leƙa suka kuma jefa bam a kan sansanin Turkawa da mutanen Sharif Husaini na Makka suka kewaye, kashegari sansanin ya miƙa wuya. Daga wannan jirgi ne kuma, a Agusta 1915, Charles Edmonds ya fara sakin makamin tofido, wato bam mai gudu a cikin ruwa, daga sama a kan jirgin ruwa.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Jamus. Jirgin farautar 'yan kasuwa mai suna Wolf, wato kyarkeci, ya bar gida a ƙarshen Nuwamba 1916 bai dawo ba sai Fabrairu 1918, wata 15 bai shiga tashar kowa ba. Yana ɗauke da jirgin sama ɗaya ƙirar Friedrichshafen da suke kira ɗan kyarkeci. A nan duk aibin da na lissafa ya ragu. Wolf shi kaɗai yake, ba rundunar da za ta bar shi a baya, yana iya jiran ranar da teku ya yi kyau, kuma mai leƙe da mai ba da umarni a jirgi ɗaya suke kwana, labari baki da baki ne. A Yuni 1917, kusa da wani tsibiri arewa da New Zealand, Wolf na tsaye ana gyaran injinsa sai ga jirgin kaya Wairuna. Ɗan kyarkeci ya tashi, ya jefa takardar gargaɗi a kan jirgin cewa kada a taɓa waya, ya saki bam a gabansa, ya koro shi har wurin uwar ɗakinsa.

Sai kuma waɗanda ba sa hawa jirgin ruwa sam, suna tashi daga tashar gaɓa. John Porte ya gyara cikin jiragen Curtiss a Felixstowe ta Ingila har ya samu manya masu inji biyu da ke yin awanni a sama. Daga Afrilu 1917 suka riƙa sintiri bisa wani zane mai kama da saƙar gizo-gizo a kudancin Tekun Arewa, a kan hanyar da jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus ke bi. Ba su nutsar da da yawa ba, amma jirgin ƙarƙashin ruwa na lokacin a saman ruwa yake yawancin tafiyarsa, in ya hango jirgin sama dole ya nutse, in ya nutse gudunsa ya ragu, batirinsa na ƙarewa. Jamusawa suka mayar da martani da jiragen Hansa-Brandenburg daga Zebrugge a gaɓar Beljiyam, aka koma faɗa a sama tsakanin masu kwalekwale. A tekun Adiriyatik, a Satumba 1916, jiragen Lohner biyu na Ostiriya suka nutsar da jirgin ƙarƙashin ruwa na Faransa, Foucault, sannan suka sauka a ruwa mutanensa suka riƙe jikin jiragen saman har jirgin ceto ya iso. Babu wanda ya mutu.

Gyara ya biyo ta hanya biyu. Ta farko ita ce majajjawa: a Nuwamba 1915 Henry Mustin ya tashi daga jirgin North Carolina, na'ura ta wurga shi sama ba tare da ya taɓa ruwa ba. Wannan ya kashe rabin matsala, tashi ba ya bukatar tsayawa, saura ɗaukowa. Ta biyu ita ce komawa ga tunanin Ely. A Agusta 1917 Edwin Dunning ya sauka da jirgi mai taya a kan jirgin Furious na Birtaniya yana cikin tafiya, bayan kwana biyar ya mutu yana sake gwadawa, a 1918 kuma aka kammala Argus mai shimfiɗaɗɗen bene daga goshi har wutsiya. Daga nan manyan ayyuka suka koma hannun masu taya.

Amma mai kwalekwale bai tafi nan da nan ba. Kusan kowane babban jirgin yaƙi na shekarun 1930 yana da ɗaya ko biyu a kan majajjawa. A yaƙin Midway na Yaƙin Duniya na Biyu, ranar 4 ga Yuni 1942, Japan ta dogara da irinsu wajen binciken teku. Ɗaya daga cikin na jirgin Tone ya tashi a makare da kusan rabin awa. Shi ne ya hango rundunar Amurka, amma saƙonsa na farko ya ce jirage goma ne kawai bai faɗi irinsu ba, sai bayan kusan minti 50 ya ƙara da cewa kamar akwai mai dakon jiragen sama a cikinsu. A tsakanin nan Admiral Nagumo, kwamandan masu dakon Japan, yana ta jujjuya shawarar irin makamin da za a ɗaura wa jiragensa. Zuwa safiyar kashegari Japan ta rasa manyan masu dakonta huɗu. Na'urar rada ta karɓe aikin hango abin da ke bayan gefen teku, jirgi mai saukar ungulu ya karɓi wurin da majajjawa take a wutsiyar jirgi, domin shi yana tashi yana sauka jirgin na tafiya. Rundunar ruwan Amurka ta wurga mai kwalekwalenta na ƙarshe daga jirgin Missouri a 1949.